A Tono Ko A Bar Kaza Cikin Gashinta? Gardama Kan Gwajin Bakin Mahaifa

Bayan isha'i ta shigo, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba. Maƙwabciyata ce a nan unguwar Tudun Jukun, shekararta talatin da bakwai, haihuwa shida, biyar na raye. Ta zaro wata takarda daga cikin hijabi, an ninke ta an sake ninkewa har ta koma kamar laya, ta miƙo mini hannunta na rawa. “Malama, duba mini. Ki faɗa mini tsakani da Allah, kwana nawa ya rage mini?”

Mako uku kafin wannan daren wasu ma'aikatan lafiya suka zo da gwajin mata kyauta, ta bi ayarin 'yan islamiyyarsu ta je. Ko ciwon kai ba ta yi. Ranar karɓar sakamako layi ya yi tsawo, mai rabon takardun ta ce mata, “Ki je babban asibiti,” ta kira ta gaba. A gida ta ƙura wa takardar ido. Bokonta bai wuce aji shida ba, amma ta gane haruffa uku, HPV, ta kuma gane kalmar da ke gabansu, wadda duk mai zuwa awo ta san ana ce mata fozitif. Harafi ɗaya ne ya raba HPV da HIV. Kwana huɗu ba ta runtsa ba. Ta ware kofinta da cokalinta, ta daina ba autarta abinci a baki.

Na ce mata ba ƙanjamau ba ne. Ta zame ta zauna a ƙasa tana hamdala. Na ce ba kansa ba ce kuma. Sai ta share ido ta jefo tambayar da ta fi waɗancan biyun nauyi: “To a ina na samo shi?” Nan fa bakina ya mutu.

Da izininta nake ba da labarin, na kuma sauya abin da zai sa a gane ta. Takardar nan tata ce ta haɗa mutum biyu da nake ganin girmansu gardama, gardamar da har yau ba su rufe ba. Ɗaya Gwaggona ce, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta yi sama da shekara talatin tana aikin nas da unguwarzoma kafin ta yi ritaya. Ɗayar kuwa Hajiyar da ke gidan kallon namu, wadda ta yi jinyar ƙanwarta har ta rufe mata ido. Abin da zai ba ka mamaki, ma'aikaciyar lafiyar ce ke cewa a yi hattara da gwajin, wadda ba ta taɓa shiga aji ba ita ke cewa a gwada kowa.

Rabin rigimar daga rashin sanin abin da takardar ke faɗa take, don haka bari in fara da shi. HPV ƙwayar cuta ce mai dangi sama da 200, yawancinsu ba sa cutar da kowa. Wasu, kamar mai lamba 6 da 11, tsiro suke fitarwa a al'aura. Kimanin 14 ne ke iya kaiwa ga kansa, a cikinsu kuma mai lamba 16 da 18 su kaɗai ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na kansar bakin mahaifa. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano waɗannan biyun a 1983 da 1984, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, gogar fata da fata a wurin ma ta isa, kuma kusan duk wanda ya taɓa kusantar iyali sai ya haɗu da ita a wani lokaci na rayuwarsa. Cikin mutum goma, wajen tara jikinsu ke korar ta cikin shekara biyu, ba ƙwaya ba allura, ba su ma san ta zo ba. A wurin ragowar ne take samun wurin zama. In ta zauna ta ƙi tashi, sai ta riƙa sauya ƙwayoyin fatar bakin mahaifa a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin abin ya zama kansa. Ga mai ƙanjamau da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 kan isa. Abin da takardar maƙwabciyata ke cewa ke nan: an ga baƙuwa a zaure. Ba a ce ta shiga ɗaki ba, ba a kuma ce za ta kwana ba.

Gwaggo ta san duk wannan fiye da ni, kuma da shi take kafa hujja. Ta ce mini, “Ke 'yar nan, yi lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashenmu na kudu da Sahara kusan mace ɗaya cikin huɗu na ɗauke da wani nau'in ƙwayar. Ki tara matan Tudun Jukun da Tukur-Tukur da Gyallesu ki gwada su, takarda nawa za ki raba? Yawancinsu da kin ƙyale su jikinsu zai yi aikinsa. Ga shi ba ki da maganin da ke kashe ƙwayar. Me za ki ba ta, fanadol?” Ta ce ta san inda irin wannan takardar ke ƙarewa. Kemis na bakin layi zai haɗa mata ƙwayoyin kashe cuta kala uku waɗanda ko gezau ba sa sa HPV ta yi, mai maganin sanyi na cikin mota da lasifika shi ma ya karɓi rabonsa, a bar mace da tsarki da ruwan ɗumi da fargaba.

Hujjarta ta biyu ita ce ta fi ci mata rai, tana faɗa tana buga cinya. Maza ba a yi musu wannan gwajin a asibiti kamar yadda ake yi wa mata, alhali wani babban nazari da aka buga a 2023 ya nuna kusan namiji ɗaya cikin uku a duniya na ɗauke da wani nau'in HPV, ɗaya cikin biyar kuma na ɗauke da mai haɗarin. Cuta ta mutum biyu, takarda da sunan mutum ɗaya. “Ki kai wannan gidan da ke da kishiya uku,” in ji ta, “ki ga ko za a wayi gari ba a yi gori ba. Ni na ga matar da aka saka a kan abin da bai kai wannan ba. In aka kore ta da 'ya'ya biyar saboda ƙwayar da da ta tafi da kanta kafin baɗi, wa zai ɗauki alhakin? Masu tutoci da kyamara da suka zo rana ɗaya suka tafi?”

Daga nan ta gangaro kan abin da ke biyo bayan takarda. “Ki je babban asibiti” magana ce mai sauƙin faɗa. Daga Tudun Jukun zuwa Shika, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya koma a 2005 daga tsohon mazauninsa na Tudun Wada, akwai kuɗin mota zuwa da dawowa, akwai yankar kati, akwai ranar ganin likita, wataƙila a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji a ce a dawo. Kowane zuwa sai da izinin maigida, kowane izini sai da dalili. A kowane mataki wasu na zubewa. Gwaggo ta tuna mini da ƙa'idar da wasu masana biyu, Wilson da Jungner, suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1968, cewa kada a tashi neman cuta a jikin masu lafiya sai an tanadi hanyar tabbatarwa da ta magani. A wurinta, gwajin da ba a shirya masa magani ba tayar da hankalin bayin Allah ne kawai. Ta ƙara da cewa ko maganin ma ba a rasa abin dubawa: a tsarin da ake gwadawa a yi magani nan take, za a taɓa bakin mahaifar matan da da sun warke da kansu, kuma yankan da ake yi da zaren lantarki yana ɗan ƙara haɗarin haihuwar bakwaini.

Ta rufe da maganar amana. Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma kowa ya ga yadda aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Gwaggo ta ce aure biyu ko uku kawai ya isa ya mutu a kan wannan takarda, labari ya zaga majalisu, magidanta su hana mata ko zuwa awo, su kuma hana a yi wa 'yan mata allurar HPV. Ita a ganinta can ya kamata a zuba ƙarfi. Nijeriya ta fara allurar ranar 24 ga Oktoba 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, da burin kaiwa ga miliyan 7.7, jiharmu ta Kaduna kuma ta shiga a zagaye na biyu cikin Mayu 2024. “A kare yaran,” in ji Gwaggo, “manya kuma a koya musu alamomi, mai ganin jini ta zo.”

A kan wannan jimla ta ƙarshe Hajiya ta tsaya, don ƙanwarta mai ganin jini ce, kuma ta zo.

Ba ta iya lissafi irin na Gwaggo ba, labari take bayarwa, a hankali, tana jan carbi. Marigayiyar shekararta arba'in da huɗu. Da farko ɗan ɗigo ne bayan kwanciya da miji, abin da kunya ba ta bari a faɗa. Da ya fara zuwa tsakanin al'ada da al'ada, sai ta ɗauke shi matsalar fiƙihu, ta aika a tambayi malam ko haila ce ko istihala, ta yi sallah ko ta bari. Malam ya ba da amsar abin da aka tambaye shi. Da ruwa mai wari ya fara zuba, aka ce sanyi ne, aka sha jiƙo aka yi turare. Wata goma sha wani abu aka ɗauka a haka. Hajiya ta ce abin da ba za ta manta ba shi ne kaskon turaren wuta da ba ya mutuwa a ɗakin, da yadda marigayiyar ke cewa 'yan dubiya su tsaya daga bakin ƙofa. Ranar da aka kai ta Shika likita ya duba, ya kira Hajiya gefe ya ce abin ya riga ya wuce mahaifa. Aka yi ƙarin ruwan kansa, aka shiga layin gashi, aka sayar da fili da keken ɗinki. Ta bar yara bakwai.

“Gwaggon yara tana tsoron takarda,” in ji Hajiya. “Ni na ga abin da ya fi takarda. A sake ni ina raye, na ji, zan yi zawarci.”

Wannan magana ce ta wadda ta ƙone, ba kowace mace za ta iya faɗin ta ba. Amma alƙaluma na bayanta. A 2020 an ƙiyasta mata kusan 12,000 ne suka kamu da wannan kansar a Nijeriya, kusan 8,000 suka mutu. Wato cikin uku, biyu. Ƙasashen da ke gwada mata tun suna lafiya ba sa ganin irin wannan rabo, kuma dalilin a fili yake: duk tsawon shekarun nan da ƙwayar ke sauya fatar bakin mahaifa, ba zafi, ba jini, ba wari. Lokacin da alama ta bayyana, galibi an bar matakin da minti kaɗan na magani ke isa, an shiga na tiyata da gashi. Cewa mace ta jira alama daidai yake da cewa ta jira damina ta gane rufinta na yoyo.

Allurar ma da Gwaggo ke yabo, kuma ta cancanci yabon, ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga jiki. Yarinyar da aka yi wa a 2024 tana da shekara goma sai wajen 2044 za ta kai shekarun da ake fara gwaji. Uwarta da yayyenta da gwaggonninta fa? Su ne za su cika gadajen asibiti a shekara ashirin ɗin da ke tsakani, kuma gwaji kaɗai ya rage musu. Shi ya sa shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar ranar 17 ga Nuwamba 2020 yake tafiya da ƙafa uku: a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura kafin shekara 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 a sake a 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani.

Ga wanda zai ce wannan tsarin masu kuɗi ne, akwai abin da ya faru a gundumar Osmanabad ta Indiya, ƙauyuka ne na manoma masu ƙaramin ƙarfi. An bi mata sama da 130,000 masu shekara 30 zuwa 59, sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna gwajin HPV sau ɗaya rak, tare da magani ga masu buƙata, ya rage mutuwa daga wannan kansar da kusan rabi. Dalili kuwa, idonsa ya fi na tsohon gwajin Pap kaifi. Wani bincike a Kanada a 2007 ya samu gwajin HPV na kama kusan kashi 95 na sauye-sauye masu haɗari, Pap kuma kusan 55. Kaifin idon nan shi ke sa ya yawaita cewa “akwai”, abin da Gwaggo ke kuka da shi. Shi ne kuma ke sa in ya ce “babu” a yarda da shi, mace ta tafi harkarta shekara biyar zuwa goma. A gardamar nan ana yawan mantawa da su, alhali su ne mafi yawa, matan da za su koma gida da kwanciyar hankali.

Wasu daga cikin shingayen da Gwaggo ta sani a zamanin aikinta sun fara faɗuwa. Mace na iya ɗaukar samfurin da kanta da ɗan tsinke mai auduga, a bayan labule, ba wanda ya ga tsiraicinta. Na'urar GeneXpert da asibitocinmu ke gwajin tarin fuka da ita tana iya karanta HPV cikin kamar awa ɗaya. Akwai kuma 'yar na'urar hannu mai batir da ke ɗumama bakinta zuwa digiri 100, a ɗora a kan wurin da ya sauya na ƙasa da minti ɗaya, nas ma na iya yi, ba sai an kai Shika ba. Kaduna na cikin jihohi uku, da Legas da Ribas, da aka shigar da irin wannan aikin a asibitocin gwamnati da tallafin ƙungiyoyin Unitaid da CHAI.

Da na zauna na auna, na ga yawancin hujjojin Gwaggo a kan yadda ake yin gwajin suke, kuma a nan ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Gwada yarinya 'yar ashirin da biyu da ba ta da ƙanjamau ɓata lokaci ne da tayar da hankali, don a shekarun ne ƙwayar ta fi zuwa ta fi tafiya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ma daga shekara 30 ta ce a fara, masu ƙanjamau daga 25, su kuma a riƙa maimaitawa duk shekara uku zuwa biyar saboda haɗarinsu ya ninka na sauran sau shida. Zuwa unguwa a ɗebi samfur ba tare da an san inda za a tura mutum da wanda zai karɓe ta ba, wannan neman suna ne. Miƙa wa mace takarda a kan layi ba bayani kuwa, na ga abin da ya haifar da idona: kofi da cokali a ware. Sai dai duk waɗannan gyara suke nema. Da Gwaggo ta ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, na ce mata, “Gwaggo, wannan karon mai zama ma ba ta tsira ba.” Ta harare ni.

Hujja ɗaya ce tata ta ƙi sakina, ta aure. Wannan ba na'urar da za ta warware ta. Amma akwai gaskiyar da in aka faɗe ta yadda ya kamata take rage wa zargi kaifi. Babu gwajin da zai iya cewa ga ranar da ƙwayar ta shiga, ko ga wanda ya kawo ta. Tana iya lafewa shekara goma ko fiye ba a ganinta, ta sake bayyana lokacin da garkuwar jiki ta yi rauni. A ƙasa irin tamu kuma ba ta buƙatar hanyar banza. Mutum ya auri bazawara, wadda mijinta na fari ya taɓa auren wata bazawarar, shi kuma yana da uwargida da ta zo gidansa budurwa ba ta taɓa sanin kowa ba sai shi. Kowane ɗaurin aure da waliyyi da shaidu da sadaki, ƙwayar kuma ta bi layin nan tsaf. Gwajin kafin aure da muka saba, na ƙanjamau da ciwon hanta da sikila, a jini ake yi, ba ya ganinta. Kaciya na rage haɗarin, ba ta kawar da shi. Wanda ya ɗauki wannan takarda ya jefi matarsa da ita ya yi jahilci ta fuskar likitanci, ta fuskar shari'a kuma ya taɓa ƙazafi, wanda kowane ɗalibin islamiyya ya san hukuncinsa. Ina ganin wannan bayanin a bakin limaman Juma'a ya fi amfani da a bakin nas, tunda maza ne ke buƙatar ji.

Akwai kuma matsalar harshe. Duk kalmar da muke da ita ta wannan fanni da ƙurarta take zuwa. Ka ce ciwon sanyi, an tuna da wani abu. Ka ce cutar da ake ɗauka ta jima'i, an gama yanke hukunci kafin ka rufe baki. (Nan kusa da mu, a Tukur-Tukur, kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 ya yi shekaru yana sama wa sababbin abubuwa suna da Hausa, amma yau takardar da za ta iya kashe aure da Turanci ake miƙa ta.) Gwaggo tana da tata mafitar, wadda ta ce ta sha amfani da irinta: a ce wa mace a bayan gida ta ɗauka, kowa ya huta. A nan na rabu da ita gaba ɗaya. Ƙarya ce, kuma ƙarya mai gajeren kwana, don yaron gida zai latsa waya ya karanta wa uban gaskiya cikin minti ɗaya. Ranar kuwa zargin zai ninka, a ce har da nas aka haɗa baki.

To a faɗa wa miji ko a yi shiru? Hajiya ta ce a faɗa, ɓoye-ɓoye shi ke haifar da zato. Gwaggo ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma tunda ba maganin da za a ba shi, faɗar me za ta ƙara? Ta fuskar lafiya zalla, Gwaggo ta fi kusa da daidai. Sai dai akwai abokan zama, waɗanda in sun kai talatin su ma ya kamata su je, ko da takardar wata ko babu. Ni dai abin da na tsaya a kai, hukuncin na mai takardar ne, ita ta san mijinta. Ma'aikacin lafiya ba shi da hurumin kai labari, amma ya kamata ya ce mata, in kina so ki zo da shi, ni zan yi bayanin.

Duk faɗan nan da Gwaggo ke yi, ita ce ta ɗauki mayafi ta raka maƙwabciyata asibiti, wai don kada a sake jefa mata takarda a kan layi. Ni ma na bi su. Nas ta sa ta kwanta, ta saka ɗan ƙarfen nan mai kama da bakin agwagwa, ta haska fitila, ta shafa ruwan khal da auduga a bakin mahaifar, ta dubi agogo. Minti ɗaya. Inda fata ta sauya yakan yi fari, inda take lafiya ya zauna yadda yake. Da ba a ga komai ba, da an ce ta dawo bayan shekara ɗaya ko biyu a ga ko baƙuwar ta tafi. Da wurin ya yi faɗi ko ya shige ciki, da sai an tura ta a duba da madubin likita a ɗebi nama, a nan ne ake jin sunayen matakan sauyin fata, CIN 1, wanda yawanci ke warkewa da kansa, ko CIN 2 da 3, waɗanda ake cirewa, kuma duk cikinsu ba wanda ya zama kansa tukuna. Nata ɗan fari ne, bai kai faɗin farce ba. Aka ɗora na'urar. Ta ce ta ji kamar murɗar mara ta al'ada, kafin ta gama salati uku an ɗauke.

Aka ce za ta ga ruwa-ruwa na wasu makonni, ta ƙaurace wa shimfiɗa wata guda, ta dawo bayan shekara a sake gwadawa. Wata gudan nan shi ya hana shirun Gwaggo yiwuwa, don mai girki ba ta ɓoye wata ɗaya. A mota muna dawowa ta yi ta juya maganar, daga ƙarshe ta ce wa maigidan an ga ɗan tabo a bakin mahaifa, an ƙone shi kafin ya zama kansa, likita ya ce a huta. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ba da kuɗin mota na zuwa na gaba. Sunan ƙwayar bai fito ba. Hajiya ta ce rabin gaskiya ce. Gwaggo ta ce rabin da ya ishe shi ne.

Wata rana suna zaune a tsakar gidanmu suna sake tayar da zancen, Hajiya ta ajiye carbi ta ce, “Ni fa na yi nawa bara, an ce babu. Ke da kika shekara talatin kina duba na mutane, an taɓa duba naki?”

Gwaggo ta dubi sama ta ce la'asar ta yi, a miƙo mata buta.